Gwaggo Kande da Gorunan Iri

Duk wanda ya san Gwaggo Kande ya san ba ta taɓa tafiya kanta a ɗage ba. Ba ƙusumbi gare ta ba, ba kuma ladabi ba ne, wane ladabi! Ƙasa take dubawa. Daga ƙofar ɗakinta zuwa rijiya, ɗan takin da yaro zai yi kafin ya gama hamma, Gwaggo sai ta kai hantsi a hanya, don duk ƙwayar dawar da ta faɗi sai ta duƙa ta tsince ta, ta hure, ta ƙulle a gefen zane. Kajin garin nan kaf sun san ta, kuma ba sa ƙaunarta. In suka hango ta tafe sai su watse, sun san kiwon ranar ya ƙare.

Yau da muka taru sadakarta, tun safe nake jin ana cewa, "Allah ya jiƙan Gwaggo, mace mai haƙuri." Haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Haƙuri a ina? Ni Dije 'yar ƙaninta ce, a hannunta na tashi, har yau in na shafa tsakiyar kaina ina jin wurin ranƙwashinta. Gwaggo masifaffiya ce, marowaciya ce, ga taurin kai kamar na jakin da ya ga rafi. Amma da ba don rowar nan tata ba, da wurin nan da muka shimfiɗa tabarmi yanzu sarƙaƙiya ce da ramin kura. Saura ƙiris garin nan ya mutu a shekarar hari, kuma yaran da aka haifa bayan nan ba su san yadda aka yi ya tashi ba. Shi ya sa nake so in faɗa tun ina da bakin faɗa.

Ba abin da ta fi so a duniya kamar iri. Kowa a nan in an yi girbi yakan ware zangarniyar da ta fi kyau, ya ɗaure, ya jefa can saman rumbu, shi ke nan sai damina. Gwaggo ba ta yarda da rumbu ba, ta ce gidan ɓera ne da ɗan maigida mai dogon hannu. Nata sai ta sussuke, ta sheƙe, ta shanya, ta cuɗa da toka, ta ɗura a manyan goruna, ta liƙe bakinsu da laka. Na farfara daban, na kaura daban, ga na maiwa, ga na wake. Ta jera su a ƙuryar ɗaki, daidai inda sauran mata ke jera ƙore da tasoshi. Abin da take tarawa ya fi ƙarfin 'yar gonarta nesa ba kusa ba, in kuma ka tambaye ta na mene ne, amsar ɗaya ce: "Da kuɗinka na saya?"

Wasunku za su tuna shari'arta da zakaran Mamman Maƙeri. Ta shanya farfara a tabarma, ta shiga ɗaki ɗebo toka, kafin ta fito zakara ya sa baki. Ta yi wuf ta cafke shi, ta maƙale a hammata, ba ta zame ko'ina ba sai ƙofar tsohon Mai-gari, mahaifin na yanzu. Muna biye da ita, don ba a barin irin wannan kallo ya wuce.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawo na kawo."

Mai-gari ya duba hagu ya duba dama. "Ina yake, Kande?"

"Ga shi a hammatata."

Aka kira Mamman, ya zo da baƙin gawayi har goshi. Ya ce, "Haba Kande, me ya ci? Ko cikin tafi bai kai ba."

Ta ce, "Cikin tafi? Kowace ƙwaya a nan zangarniya ce baɗi. Zangarniyar nan in na shuka ta, dami ce baɗi waccan. Ranka ya daɗe, rumbu guda ne a cikin tsinannen nan, a ba ni abina."

Mai-gari ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Da ya samu numfashi ya ce tun da dawar Kande ta shiga cikin zakara, to duk abin da ya fito daga zakara na Kande ne, ta kwashe ta kai gona. Kowa ya ɗauka wasa ne aka watse. Washegari Mamman ya fito alwala ya tarar da Gwaggo duƙe a akurkinsa da tsintsiya da ƙwarya, ta share kashin kajin gidan tas.

Ya ce, "Ke! Na zakara kaɗai aka ce!"

Ta ce, "To zo ka ware mini nasa."

Har zakaran nan ya shiga tukunya Gwaggo na zuwa shara, bayan an cinye shi ma ba ta fasa ba.

Ɗa guda Allah ya bar mata a raye, Garba, kuma shi ne ɗan farinta. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi, in ta yi haka a ce ba ta da kunya. Kowace uwa na kiyaye wannan, amma Gwaggo ta kai shi inda ba a kai shi. "Wancan" take ce masa. In ya zo gaishe ta da safe, bango take amsa wa. Shi kuwa Garba duk garin nan ba wanda ya kai shi harbin baka, shi ne sarkin samari, dogo ne, ga fara'a, in ana yabonsa a gabanta sai ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta.

Duk shekara in an gama girbi akan yi gayyar gyaran ganuwa, don a lokacin ne mahara ke fitowa da dawakansu, su ƙona gari su kama mutane. Maza na kwaɓa laka, mata na kai kunu. A wata gayya kunun ƙofar gabas ya faɗo kan Gwaggo, ni na ɗauko mata tulun. Kunun nan, wallahi, in ka leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka. Muka tarar samari sun ajiye aiki suna kirari, wannan na cewa shi ne ƙyauren gari, wancan na cewa sai an taka gawarsa kafin a shiga. Gwaggo ta dire ludayi ta ce, "Ku bar batun taka gawa, ku taka laka. Tun ɗazu nake jin kishin gari a bakinku, ga rami can a ganuwa akuya na shiga da fita."

Ɗaya daga cikinsu ya kurɓi kunun ya ce, "Gwaggo, wannan kunu ne ko ruwan wanke ƙwarya?"

Ta ce, "Ganuwa ce ke son kauri, ɗan nan. Sha ka tashi."

Garba yana gefe yana murmushi. Da yake ba ya yi mata magana kai tsaye a cikin mutane, sai ya dube ni ya ce, "Dije, gaya wa gwaggonki kunun yau ya yi kyau. Har na ga ƙwaya ɗaya tana iyo."

Gwaggo ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Gaya wa wancan ya maido mini ita, ta iri ce."

Samarin nan suka yi ta dariya har wani ya zame cikin laka. A hanyar komawa na ga bakinta na motsi, tana danne tata dariyar, da ta ga ina kallonta sai ta ce in kula da hanya.

Shekarar hari ina gidan miji, da goyon yaron nan nawa, ga shi can zaune da gemunsa yana sunkuyar da kai, ba zan kama sunansa ba. Ƙarshen rani ne, ana jiran ruwa. Da hantsi muka hango hayaƙi ya tashi ta wajen Dogon Dawa, ba a jima ba aka busa ƙaho. Maza suka kwashi baka da kwari suka nufi ƙofar gabas, aka ce mata da yara da tsofaffi su fita ta ƙaramar ƙofa su shige kurmi, inda doki ba ya iya bi.

A irin wannan rana ake gane abin da kowa ke so. Wata ta ɗauki tasoshinta, wata ta ja akuya, wata don ruɗewa taɓarya ta runguma ta bar zannuwanta. Na ɗaure ƙullin kayan aurena ke nan sai ga Gwaggo a kaina. Ta fizge ƙullin ta yar, ta ɗora mini goran farfara. Na ce, "Gwaggo, kayana!" Ta ce, "Ki dafa su ki ci in an jima." Haka ta bi matan unguwa, duk wadda ta gani da hannu sake sai ta ɗora mata gora, da zagi da komai. Na maiwa kuwa ita ta goya shi da majanyi. Muna gudu cikin ƙaya wani tsoho ya dube ta, duk da halin da ake ciki ya ce, "Kande, yaushe aka yi suna ba a gaya mana ba?" Ta ce, "Yi ta kanka, uban yaron na bayanmu da mashi."

Mazanmu sun riƙe ƙofar nan har muka yi nisa. Da suka ga an fi ƙarfinsu, Garba ya ce sauran su zame ta baya, shi da wasu 'yan kaɗan za su tsaya su ja hankalin mahara. Sun tsaya. Maharan suka shiga, suka kwashe abin da za su iya ɗauka a rumbuna, suka cinna wa sauran wuta tare da irin kowa a ciki, amma ba su samu ko mutum ɗaya da za su ɗaure ba. Da suka tafi, mazan da suka tsira suka koma suka binne waɗanda suka faɗi nan bakin ƙofa, cikin gaggawa, da tufafinsu.

Maigidana ne ya kawo wa Gwaggo labari, yana ɗingishi, kibiya ta huda masa cinya. Ya durƙusa, da ƙyar ya ce, "Gwaggo, sai haƙuri. Garba ya cika." Mata suka fashe da kuka, har waɗanda ba su haɗa komai da shi ba. Gwaggo ta ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Can ta ƙara da cewa, "Kun sa ƙaya a kai?" Ya ce sun sa abin da suka samu. Ta ce to, ta juya tana duba bakin gorunanta ko laka ta tsage. Na san al'ada, na san ba za ta yi kuka a gabanmu ba, amma duk da haka ranar na ji haushinta. Wasu mata har cewa suka yi dutse ne a ƙirjinta.

Muka zauna a dajin nan bakin rafi, ba wanda ya yarda a koma, don ba rufi, ba hatsi, kuma ana tsoron su dawo. Muka ci ɗorawa har bakinmu ya yi rawaya, muka ci kanya da muruci, muka jiƙa rogon daji a rafi don ɗacinsa ya fita. Maza na kama gafiya da ɗan kifi. Gwaggo ta tara gorunanta a gindin wata kaɗanya ta zauna a tsakiyarsu da sanda. Kowa ya san abin da ke ciki, kowa na wucewa yana haɗiyar yawu.

Nonona ya ƙafe. Yaro ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Na je na durƙusa a gabanta na ce, "Gwaggo, don Allah, cikin tafi ɗaya. In dama masa kunu."

Ta ce, "Babu."

Na ce, "Zai mutu, Gwaggo."

Ta ce, "In na buɗe miki, da wane baki zan hana ta bayanki? Kafin rana ta faɗi an cinye damina." Sannan ta harare ni. "Ke ko kunya ba ki ji? Ɗan fari kike wa kuka a gaban mutane? Kawo shi nan."

Ta kwance shi daga bayana ta goya, ta miƙa mini sandar ta ce in wani gora ya yi ciwon kai sai ta karya ni. Ta shige daji. Sai bayan azahar ta dawo, yaro na barci cikinsa ya tashi, ga ƙwaryar madara a kanta, ga ɗan curin man shanu. Ashe rugar wasu Fulani ta gano, su ma sun ɓoye shanunsu a kurmin. Na duba hannunta, munduwar da take sanye da ita tun aurenta babu. Na ce, "Gwaggo, ina munduwarki?" Ta ce, "Dama ta dame ni da matse hannu." Ta ce ta tsaya ciniki da Bafillatanar har matar ta ƙara mata man shanu tana cewa dillu, dillu, wato tafi ki ba ni wuri. Madarar nan kullum ana kawo ta har ruwa ya sauka, ba yarona kaɗai ya sha ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, mun binne mutane a dajin nan, tsofaffi da wani jariri. Ba zan ce da an fasa gorunan da sun rayu ba, ba kuma zan ce da ba su rayu ba. Allah ne ya sani. Akwai waɗanda har suka bar duniya ba su yafe wa Gwaggo ba, ni kuma ban taɓa ganin laifinsu ba.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Mai-gari ya tara mu. Ya ce shawarar dattawa ita ce a haƙura da garin. A nufi Birnin Gwari, can akwai doguwar ganuwa da mutane da yawa, a roƙi gefen daji a sare a yi shuka. Masu dangi a Kuyello su tafi can. Ya ce Kande ta kawo irin a raba wa kowa ya tafi da rabonsa.

Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, a sauka lafiya. Ni gida za ni, da irina."

Maigidana ya ce, "Gwaggo, wane gida? Toka ce fa. Gari ai mutane ne, ga mu nan, duk inda muka sauka nan ne gari. Garba bai tsaya don katanga ba, don mu ya tsaya."

Ta ce, "Irin nan a ƙasarmu aka haife shi, bai san ta Birni ba."

Ya ce, "Dawa ba ta san gari ba, Gwaggo. Inda ruwa ya same ta nan take tsira."

Ta ce, "Ashe kai ma dawa ne."

Wasu suka yi dariya ba don suna so ba. Amma ku sani, maigidana ba matsoraci ba ne, da ramin kibiya a cinyarsa yake wannan magana, kuma a raina na san akwai gaskiya a bakinsa. Wani saurayi da yunwa ta ci ransa ya miƙe ya nufi gorunan, ya ce tsohuwa ɗaya ba za ta kashe gari ba. Mai-gari ya daka masa tsawa. Ya ce, "Kul! Uwar Garba ce. Wanda ya ga hannunsa zai iya taɓa ta, bismilla." Yaron ya tsaya, ya koma ya zauna.

Ruwan farko ya sauka. Washegari da safe Gwaggo ta tashi tafiya. To amma gorunan sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ba ta roƙi kowa ba, Gwaggo da roƙo! Sai ta goya ɗaya ta ɗora ɗaya a ka, ta kai su gindin wata bishiya can gaba ta ajiye, ta dawo ta ɗauki wasu. In ta tara su duka sai ta sake farawa. Tsohuwar da yunwa ta mai da ita kamar kara, tana kai da komo a cikin taɓo, mu kuwa muna tsaye da ƙulle-ƙullenmu muna kallo. Da wannan tafiya sai da kaka za ta isa gida.

Mamman Maƙeri ne ya fara kasawa. Ya yi tsaki ya ce, "Wannan mata za ta kashe ni da takaici. Bari in kai mata ɗaya bakin rafin gaba kawai in dawo." Ya saɓa na kaura. Ta ce, "Riƙe shi da kyau, ba uwar maƙerar da kake dukan ƙarfe a kai ba ce." Ni ma na ce bari in taya ta zuwa rafin. A bakin rafi ba wanda ya ajiye. Maigidana ya biyo ni yana ɗingishi yana mita, wani ya biyo matarsa, wata ta biyo uwarta. Mai-gari ya tsaya ya dubi masu tafiya Birni, ya dubi masu bin tsohuwa, ya ce shi ba a ba shi sarautar Birni ba, ya ɗauki buzunsa ya biyo mu. Kusan rabinmu sun wuce Birni da Kuyello, aka rabu ana kuka. Ga 'ya'yan wasunsu nan sun zo mana sadaka yau, sannunku da hanya, iyayenku ba su yi laifi ba.

Muka tarar da gari baƙi ƙirin. Washegari maza suka shiga yankan ciyawa da itacen rufi, ƙasa kuma ta jiƙu tana jiran shuka, aka nemi Gwaggo ta buɗe iri, babu Gwaggo. Aka ce in nemo ta. Na duba kangon ɗakinta, gorunan na nan a jere ba mai tsaro, abin da ban taɓa gani ba.

A ƙofar gabas na same ta, wajen kaburburan. Kura ta fara tono a gefen ɗaya. Gwaggo ta cike ramin da duwatsu, ta saro sarƙaƙiya tana ja da hannu, duk damatsanta jini. Ta lulluɓe kowane kabari da ƙaya, ba ta bar ko ɗaya ba, don kar a ce ta zaɓa. Sai dai tulin da ke kan na ƙarshe ya ninka sauran, kuma shi take ƙara wa.

Na ce, "Gwaggo, ana nemanki. Ƙasa za ta bushe."

Ta ce, "Su jira."

Na tsaya. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na ce, "Gwaggo, da gaske irin nan ba zai tsira a Birni ba?"

Ta yi tsaki. "Ke ma sakarya ce? Dawa ko a kan juji ka watsa ta sai ta tsira. Mijinki ya yi gaskiya."

Na ce, "To me ya sa?"

Ta daɗe tana gyara wani reshe da ba ya bukatar gyara. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kowa ya ɗaure kayansa zai tafi. Wancan fa? Shi ba shi da ƙafar binmu Birni. Ya tsaya wa mutane a ƙofar nan, a ce an rasa mai tsaya masa, a bar wa kura?" Ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba sauti ko kaɗan. Na zauna kusa da ita, ban taɓa ta ba, don na san ba za ta so ba. Da ta gama ta share fuska ta ce, "In kika gaya wa wani na yi wannan rashin kunya, ban yafe ba, muddin ina numfashi." Ta miƙe ta ce in wuce mu je, mutane na jira.

Ranar ta fasa bakin gorunan duka, ta raba wa kowane gida, tana aunawa da ludayi tana faɗa, wannan ta ce masa kar ya zurfafa rami, wancan ta ce ta san ubansa ma bai iya shuka ba. Ba ta rage wa kanta fiye da na kowa ba. Aka sha wuya kafin kaka, amma aka yi girbi, aka ɗaga ganuwa. Mahara sun sake zuwa a wasu shekarun, mun sake gudu mun sake dawowa, kuma mun yi rashi. Har yau in na tuna waɗanda aka rasa daga baya, nakan tambayi kaina ko da mun wuce Birni da suna nan.

Tun daga lokacin in samari suna gardamar waye ya fi kishin gari, mai baka ne ko mai garma, wanda ya tsaya ne ko wanda ya tsira da iyalinsa, ni dai shiru nake yi. Garba ya tsaya saboda mu, uwarsa ta dawo saboda shi, mu kuma muka biyo ta saboda kunyar barin tsohuwa cikin taɓo, ban ga wanda ya yi don katanga ba. Na riƙe mata maganar nan shekara da shekaru, ko maigidana bai ji ta daga bakina ba har ya rasu. Ta ce muddin tana numfashi, to yanzu ta daina, kuma ina so ku daina cewa dutse ne a ƙirjinta. Ina kewarta ƙwarai, har faɗan nata.

Mun kai ta ƙofar gabas, kusa da shi. Ba ita ta roƙa ba, ba za ta taɓa roƙa ba, ni na ce a yi haka. Allah ya jiƙan Gwaggo Kande, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Ya jiƙan waɗanda suka faɗi a ƙofa da waɗanda muka bari a daji. Allah ya sada ta da ɗanta a inda ba hari ba yunwa, ba kuma idon mutane, ta dube shi da kyau ta kira shi da sunansa. Amin.